Larabar Vilimaina

Vilimaina ta fara kamun ƙaguwa tun kafin ta iya ɗaura zane da kyau. Mahaifiyarta ce ta shigar da ita taɓon bakin kogin Rewa, ta nuna mata ramin da ke da ƙaguwa da wanda babu komai, da yadda ake danne bayanta da ƙafa kafin a kai hannu. Sauran darasin ƙaguwar ce ta koya mata da kanta. Har yau ɗan yatsanta na tsakiya a karkace yake.

Ni teburina yana jikin nata a kasuwar Nausori. Gwaza da rogo nake sayarwa, ƙauyenmu ɗaya, kwalekwale ɗaya muke shiga da asuba. Don haka na san yadda makonta yake tafiya. Idan ruwa ya janye tana cikin taɓo har gwiwa, idan ya dawo tana kasuwa. Lahadi kuwa, da ake kira ranar hutu, ita ce ranar da take gurza kwakwa tun duhu-duhu, ta dafa wa gida, ta aika wa fasto nasa kwanon, ta je coci safe da yamma.

Mijinta Peniasi mutumin kirki ne. Ba ya zagi, ba ya duka, ba a taɓa jin sa da kowa ba. Yana saurayi ya taɓa aiki a wani kamfanin katako, bayansa ya riƙe, ya dawo gida jinya. Bayan nasa ya warke tuntuni, amma jinyar ba ta ƙare ba. Kullum da hantsi zai ɗauki tabarma da rediyo ya tafi gindin mangwaron da ke bayan makaranta, inda shi da abokinsa Sakiusa da wasu dattawa suke dama yangona, abin shanmu na garin saiwa mai kashe jiki, suna gyara ƙasa da baki.

Cikin ra'ayoyinsa akwai wanda ya fi riƙewa, wato a mayar da ranar zaɓe ranar hutu. A da kwanaki ake ɗauka ana zaɓe, kowa ya saci lokaci daga wurin aikinsa ya je ya jefa ƙuri'a. Wannan abu yana ci wa Peniasi rai.

"Ma'aikaci fa ba jaki ba ne," in ji shi. "Ya za a ce mutum ya zaɓi shugaba yana duba agogo?"

"Wane ma'aikacin, Baban Litia?" in ji matarsa, tana ɗaure ƙaguwa da igiya.

"Ma'aikata gaba ɗaya. Ai ba sai mutum yana ciki ba."

Ranar da rediyo ta ce zaɓe zai zama na yini ɗaya, ran Laraba, kuma hutu ne ga kowa, Peniasi ya sa zanensa na coci, irin wanda mazanmu ke ɗaurawa, ya zaga ƙauye yana karɓar barka. Vilimaina ba ta yi masa barka ba. Ta ji an ce kasuwa ma ba za ta ci ba, tana kuwa da ƙaguwa a ɗaure a kwando.

Da safen zaɓe ita ce ta farko a layi a makarantar ƙauye, ni ina bayanta. Aka duba sunanta, aka sa mata tawada a yatsa, ta shiga ta fito. Muka dawo gida shayin da ta bari bai gama hucewa ba. Ta share tsakar gida. Ta yayyafa wa ƙaguwa ruwa. Ta leƙa kogi, ruwa ya cika, babu zancen taɓo. Ta zauna a bakin ƙofa, ta tashi, ta sake zama. Ina kallon ta daga gidana, don ni ma abin da nake yi ke nan.

Sai ga Peniasi ya fito da tabarma da rediyo.

"Ina za ka?"

"Gindin mangwaro."

"Me ake yi a can?"

"Tattaunawa."

"Mu je," in ji ta. Ta ɗaga mini hannu, na bi su.

Dattawan ba su ji daɗin ganin mu ba, amma babu mai korar matar da shekara da shekaru yake cin ƙaguwarta kyauta. Suka matsa mana. Sakiusa ya cika ƙoƙon kwakwa da yangona ya miƙa mata, ta tafa hannu ta shanye, ta yamutsa fuska. Daga nan aka ci gaba da tattaunawa. An yi maganar wanda zai ci zaɓe. An yi maganar wani ɗan ƙwallo da ya karye. An yi musu a kan ko guguwar bana za ta kai ta bara. Da rana ta ɗaga inuwa ta gusa, sai kowa ya miƙe, aka ja tabarma aka bi ta. Shi ne aiki mafi nauyi da na ga an yi a wurin.

Can na juya zan yi wa Vilimaina magana, na tarar ta kishingiɗa a jikin saiwar mangwaron, baki a buɗe, yatsa mai tawada a kan ƙirji. Jim kaɗan ta fara minshari. Sakiusa ya rage muryar rediyo. Peniasi ya tsinko ganye yana kore mata ƙuda. Ya daɗe yana kallon ƙafafunta, duk kaushi da tabon yankan ɓawon ƙumbar kogi.

"Ban taɓa ganin ta tana barci da rana ba," ya ce mini a hankali.

"Ai ba ta taɓa yi ba," na ce.

Sai da rana ta yi sanyi ta farka. Ta dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya.

"Kullum haka kuke yi?"

"Wani lokaci musun ya fi haka zafi," in ji Sakiusa.

"To," in ji ta. Ta kaɗe zaninta ta tafi ɗora tukunya.

Larabar da ta zagayo, ina cikin kwalekwale da asuba ina jiran ta, sai ga Peniasi da kwandon ƙaguwa, sanye da zanen coci da takalmi sau ciki. Ya zauna nesa da kwandon. Ya ce ta tashe shi ne ta ce yau Laraba. Ya ce mata ai an gama zaɓe. Ta ce ta sani, ita ce ba ta gama ba.

Kafin hantsi wata ƙatuwa ta kama masa babban yatsa. Bai yi ihu ba. Ya tsaya da ita tana reto a hannunsa, yana ƙarasa yi wa wata mai saye bayanin yadda ake raba kujerun majalisa, hawaye na bin kumatunsa. Da wuƙar feraye rogo na ɓamɓare ta.

Abin da ba wanda ya zata, ciniki ya karɓe shi. Duk matar da ta tsaya taya ƙaguwa sai ya tambaye ta ra'ayinta a kan harajin shinkafa, ba kuma ya sakin ta. Da yawa sukan saya don su samu su wuce. Matan layinmu suka sa masa suna Ministan Ƙaguwa, yana kuwa amsawa.

Ita kuma Vilimaina ta riƙe Larabarta. Matar fasto ta zo har gida ta ce tunda yanzu tana da sarari, ta shiga ƙungiyar saƙar tabarma. Vilimaina ta ce ba ta da sarari, ranar tana da hutu. Wani lokaci takan je gindin mangwaro, inda yanzu take da saiwarta. Wani lokaci ta zauna a bakin kogi tana kallon kwalekwale suna wucewa. Na tambaye ta ko ba ta gajiya da zaman. Ta ce da farko yana da wuya, amma mutum yana sabawa.

Da zaɓe na gaba ya matso, rediyo ta sanar da rana, sai ta sake faɗowa Laraba. Vilimaina ta same ni a kasuwa ranta a ɓace.

"Kin ji abin da suka yi? Sun ba ni ranar da dama tawa ce."

"To yanzu fa?"

"Alhamis zan ɗauka."

Alhamis ɗin kuwa ruwa ya janye da safe, ranar taɓo ce. Peniasi ya shiga taɓo karo na farko a rayuwarsa. Ya dawo da azahar, baƙi ƙirin har ƙugu, da ƙaguwa ɗaya da takalmi ɗaya. Vilimaina tana kwance a tabarma ta karɓa ta juya cikinta ta duba. Ta ce mace ce mai ƙwai, ya mayar da ita inda ya ɗauko ta. Ya sha ruwa, ya cire ɗaya takalmin ya ajiye a bakin ƙofa, ya koma.