Lambar da ke Wuyan Randall

Duk unguwar Hanover Park an san Denzil Booysen da abu biyu: zanen jiki na allura da tawada, da rashin zama wuri ɗaya. Shagonsa ya tashi daga garejin surukarsa ya koma bayan wani mai aski, daga can ya dawo ɗakin kwano a tsakar gidansa, kuma ko a nan ɗin kullum sai ka tarar ya sauya wa tebur gefe. In kuna hira ƙafarsa na kaɗawa, yatsunsa na kan injin zane, ya murɗa ɗan sukurun sama, ya kara a kunne, ya ɓata rai, ya sake murɗawa. Matarsa Merle takan ce da ita yake saurara haka, da tuni gidansu ya zauna lafiya.

Wansa Randall ne ya haɗa masa injin farko suna samari, da abin juya kaset na tsohuwar rediyo da cokali da tsirkiyar jita. Daga nan hanya ta rabu. Denzil ya koyi sana'ar a hannun wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, wanda ya nuna masa yadda ake amfani da kaurin kwabo a auna ratar da ke tsakanin sukuru da sifirin ɗin injin: siriri in layi za a ja, mai kauri in baƙi za a cika. Randall kuwa ya bi 'yan daba, ya ƙare a kurkuku. Ya fito da furfura, da lambar ƙungiya a wuya, wadda aka tsaga masa da allurar ɗinki da tokar ƙonanniyar roba.

Lambar ce ta kawo shi wata safiyar Asabar. 'Yarsa Chantal ta haihu, ta kuma aiko masa da magana ɗaya tak: ba zai shiga coci ya riƙe jaririyar ranar baftisma da wannan abu a wuyansa ba. Ranar ta matso. In ba a rufe lambar yau ba, fatar ba za ta warke kafin lokacin ba.

"Wane zane kake so, Yaya?" in ji Denzil, yana zagaya kujera.

"Ko tukunya ce zana, in dai za ta cinye ta. Kuma ka daina kewaya ni kamar ƙuda."

Suka tsaya a kan tsuntsu mai buɗaɗɗen fiffike. Denzil ya sa siririn kwabo ya auna, ya taka feda, injin ya ɗauki ƙara mai kaifi irin wadda yake so. Ya ja layin farko a kan lambar, sai ya ɗaga allurar da sauri. Tawadar ta bazu a ƙarƙashin fata kamar an ɗiga ta a jiƙaƙƙiyar takarda, jini ya biyo baya. Duk wurin tabo ne, wani gefen tauri, wani gefen laushi, ba irin fatar da ya saba da ita ba. In ya ƙara yi mata irin wannan duka, za ta kumbura ta ƙi karɓar komai har abada.

"Me ya faru?" Randall ya tambaya, bai juyo ba.

"Ba komai."

"Ƙarya kake. Tun kana yaro in ka yi ɓarna haka kake shiru."

Denzil ya rage wuta, injin ya shaƙe ya tsaya. Ya ƙara, ya koma haushi. Ya gwada kwabo mai kauri, ya jefar. Ya kwance sifirin ya ɗan lanƙwasa shi da babban yatsa, ya mayar, ya janye bakin allura ciki, ya cire roba ɗaya daga cikin biyun da ke riƙe ta. Ya fita tsakar gida, ya dawo, ya sake fita. Gumi ya jiƙe masa riga. Tsoro yake ji ƙwarai, don a wuyan wansa babu sauran wurin gwaji.

Merle ta leƙo da kofin shayi. "Kai, in za ka haƙa rami a tsakar gidan nan ka faɗa mini in kwashe shanya."

Denzil ya zauna, ya sauya allura, ya naɗe wandonsa har cinya. Randall ya saki baki. Cinyar hagun baƙa ce ƙirin da layuka a kan layuka, don duk saitin da Denzil ya taɓa yi a rayuwarsa, a nan ya fara gwada shi. Wurin ya zama tabo, ya yi tauri da tudu daidai irin na wuyan wansa.

"Ashe kai ma ka yi zaman kurkukun, a gida," in ji Randall.

"Yi mini shiru in ji ƙarar injin."

Ya ɗora allura a tabon, yana sassauta sukurun kaɗan-kaɗan, yana cije leɓe. Layi na farko ya bazu. Na biyu ya ƙi kamawa. Can sai ƙarar ta sauka ta yi taushi kamar gurnanin kyanwa, layin ya zauna tsaf. Ya sa sabuwar allura, ya koma kan wansa, bai ko sauke wandon ba.

Sai la'asar suka gama. Randall ya karɓi madubi ya daɗe yana juya wuya. Lambar ta ɓace a cikin fiffiken, ko shi da ya san inda take bai gano ta ba. Denzil ya tsaya yana jiran dariya ko zagi, amma sai wansa ya kife madubin a cinya.

"Shekarun nan duka, duk inda na shiga an san ni na su waye," in ji Randall a hankali. "Yanzu in na faɗi a titi, wa zai ce nasa ne?"

Tausayi ya cika Denzil. Merle ce ta amsa daga bakin ƙofa, tana goge hannu da zani.

"Kakan jaririya, taso ka ci abinci. Chantal ta bugo, ta ce ka nemi farar riga."