Hannun da ke cikin hoton

Mata, yau na so ƙasa ta tsage in shige!

Na je taron mata masu shafukan intanet a lotel. Lokacin shayi na zauna kusa da wata dattijuwa 'yar garin Abalessa. Ta ce, "'Yata, me kike rubutawa?" Na ce girke-girke, Hajiya. Na zaro salula da rawar kai, na nuna mata hoton tagella, gurasar da ake gasawa cikin rairayi. Na ce, "Da hannuna na gasa."

Alhali a shafin wata na ɗauko shi bara! Matar ba ta sa fuskarta, sai hannu.

Hajiya ta ƙura wa hoton ido. Sai ta ɗora hannunta kusa da salular. Zoben azurfar da ke cikin hoton ne a yatsanta! Ga tabon ƙuna a babban yatsa! Innalillahi!

Na fara, "Hajiya, ai dama..."

Ta ce, "Sha shayinki. Asabar ki zo Abalessa in koya miki. Wadda kika ɗauka ɗin ma, ƙasanta ƙonewa ya yi."