Ƙofar Kawu Fuseni da Kwalbarsa

Duk wanda ya san Kawu Fuseni ya san kwalbar nan tasa. Tsohuwar kwalbar lemo ce da ruwa rabi a ciki, ba ta barin aljihunsa. In ya shigo gidanka, kafin ku gama gaisawa ya kwantar da ita a kan dakali, ya kanne ido ɗaya ya duba ko ruwan ya karkata, ya ce, "Wanda ya yi maka ginin nan ya cuce ka." Ko gidan suna ya je sai ya auna!

Ƙanin mahaifiyata ne, direban babbar mota tsakanin Sokode da Dapaong, kuma a wurina yake sauka in ya zo Dapaong. Bai taɓa koyon gini ba. Matarsa, Iya Mariyama, ita ta mayar da shi magini. Tun aurensu suke haya a zango, yau wannan gida gobe wancan, har ta daina kwance ƙunshin kwanukanta. Ranar da wani mai gida ya ce su fara neman wuri don ɗansa zai yi aure, ta zauna a kan akwati ta yi ta kuka. Kawu ya ce, "Wallahi, Mariyama, ba daga gidan haya za a fitar da gawarki ba." Shi haka yake rarrashi.

Da ya samu fili a unguwar Kpangalam a Sokode muka ce ya nemi maso, kamar yadda muke kiran magini.

"Maso ɗin hannu nawa gare shi?"

"Biyu mana, Kawu."

"To ni an yanke mini ɗaya ne?"

Kowa da tushe yake fara gini, shi da ƙofa ya fara. Ya ga wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe ta tsohon siton hatsi a Dapaong, ya ɗauko ta a motarsa, ya kafa ta ita kaɗai a bakin fili, ya danna mata kwaɗo. Babu bango ko taƙi ɗaya! Awaki suna ta kewaya ta, shi kuwa sai ya tsaya ya laluba makulli ya buɗe tukuna ya shiga. Na ce, "Haba Kawu, ga fili ta ko'ina, ka zagaya mana."

Ya kalle ni sama da ƙasa. "Zenabu, ni akuya ne?"

Sai maganar siminti. Kai, mutumin nan akwai maƙo! Yana barbaɗa shi a kan yashi kamar mai tsoron ya ji masa ciwo. Iya ta kawo masa abinci ta tsaya tana kallo, ta ce, "Malam, siminti kake sawa ko gishiri?" Ya ce mata ta kula da tukunyarta. Ruwan farko da ya sauka, bangon baya ya kwanta gaba ɗayansa. Maƙwabta suka taru ana ta jajantawa. Kawu ya zaro kwalba ya ɗora a kan bangon da ke ƙasa, ya kanne ido, ya ce, "Kun gani ko? Ko a kwance daidai yake." Amma daga ranar ba wanda ya sake ganin yana yi wa siminti rowa.

Babbar kuwa ita ce ta bayan gida. Shi ya gina a ƙarshe, hannunsa ya faɗa, ya yi masa yaɓe sumul wanda ko ɗakin kwana bai samu ba. Mai gidan haya ya matsa lamba, aka kira limamin unguwa ya yi wa gida addu'a don su tare. Kawu don alfahari sai da ya ja shi har can. Liman ya leƙa, ya juyo ya dube shi.

"Malam Fuseni, ina gabas take?"

Kawu ya nuna.

"To wanda ya tsuguna a nan, ina zai fuskanta?"

Innalillahi! Alƙibla sak. Iya ta dafe kai, don ta san in aka ce a rushe, tarewa ta sake ɗagawa. Wani ya ce ai dole a fasa.

Kawu ya ce, "A fasa? Ɗakin da ya gane alƙibla da kansa?"

Ya kwaso ɓaraguzan bangon nan da ya faɗi ya cike ramin, da ma ba wanda ya taɓa amfani da shi, ya daɓe da siminti, ya shimfiɗa tabarma. Ɗakin ya koma wurin sallar Iya. Sabon ramin kuwa bai sara ba sai da Liman ya tsaya a kansa.

Sun tare ko fenti babu. Ina nan lokacin da Iya ta kwance ƙunshin kwanukan nan ta jera su. Ban taɓa ganin farin ciki irin nata ba.

Kawu bai daɗe a gidan ba. Ranar da aka fito da makararsa ta ƙofar siton nan, masu ɗauka ko karkatawa ba su yi ba. Iya ta riƙe hannuna ta ce, "Ni ya yi wa alkawari, Zenabu. Ashe har da shi a ciki."

Yanzu ni ma ina gini a Dapaong. Na ɗauki maso, ba na rowar siminti, kuma sai da na tambayi gabas kafin a haƙa rami. Amma ƙofa na fara saye. Kwalbar tana wurina, Iya kuma tana gidanta, ba mai ce mata ta tashi.

Allah ya jiƙan Kawu Fuseni, ya yalwata masa makwanci kamar yadda ya yalwata ƙofarsa, ya ba shi gidan da ba a tashi. Amin.