Hagun Auta

Har yau Bahago ake ce masa, a gida da wurin aiki, alhali rabonsa da riƙe alƙalami da hagu tun yana ɗan firamare. Tsohonsa ne ya raba shi da ita. Tela ne tsohon, mai son komai ya tafi a kan layi, kuma duk lokacin da yaron ya kai hagu ga fensir, katakon awo na sauka a kan yatsunsa. A hankali dama ta koyi aiki, hagu ta koma danne takarda. Sunan ne kawai ya ƙi barinsa.

Da ya yi karatu sai ya samu aiki a wani kamfani mai ƙera allunan hannu, irin na gilashin nan da ake rubutu a kansu da alƙalami marar tawada. Aikinsa shi ne yanke abin da kowane motsin hannu zai yi: ka ja yatsa haka, shafi ya juya, ka matse yatsu biyu, rubutu ya ƙanƙance. Teburinsa na bakin taga, cike da alƙaluma masu karyayyen baki. Matarsa kan tsokane shi, "Wai Baban Auta, shafa gilashi ne ake biyanka albashi a kai?"

Auta kuwa ita ce 'yarsu ta ƙarshe, kuma ita kaɗai ta gado hagun. Ranar da kakanta ya zo ya gan ta tana zane da ita, ya kama hannun zai sauya mata, Bahago, da bai taɓa ɗaga wa tsohon murya ba, ya ce, "Baba, wannan kam a bar mini ita." Tsohon ya ɗauki hularsa ya tafi, ya daɗe bai sake leƙo gidan ba. Bahago ya ji zafin haka, amma ya rantse babu mai taɓa hannun yarinyar nan yana raye.

Ana haka makarantu suka yi odar alluna, aka kuma lura yara na shan wuya wajen neman maɓallin gogewa. Bahago ne ya kawo dabara. Ya ce ai kowane yaro ya san yadda ake goge allo: ka kwantar da gefen hannu, ka ja daga hagu zuwa dama. To, a sa gilashin ya gane hakan. Kai, ranar an sha tafi! Manaja har da dafa masa kafaɗa. Kowa a ɗakin ya gwada har ya gaji, abu ya yi kyau. Kuma duk wanda ya gwada da dama yake rubutu, har da shi gogan mai sunan.

Allunan suka isa ajin su Auta. Ba a jima ba yarinya ta fara dawowa ido jajir, wai Malama ta ce ba ta aikin aji, kullum shafinta fayau. Bahago ya zaunar da ita a teburin cin abinci, ya ce, "Rubuta in gani, uwata."

Ta fiddo harshe gefe, ta soma. Alƙalami na gaba yana zuba haruffa, gefen hannunta na biye a kwance yana bi ta kansu. Kafin ta kai ƙarshen layi, farkonsa ya ɓace. Ta ɗago ta ce, "Ka gani ko, Baba? Wallahi ina yi."

Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta da wurin ɓuya. Da a ce yana rubutu da hannun da aka haife shi da shi, da tun a layin farko ya gane.

Gyaran bai ci masa wuni ɗaya ba, ya sa allon ya daina gogewa muddin bakin alƙalami na kan gilashi. Amma allunan makaranta a kulle suke, ba a ɗora musu komai sai kamfani ya sa hannu. Ya je wurin Manaja.

"Masu hagu nawa ne a aji?" in ji Manaja, yana latsa wayarsa. "Ɗaya? Biyu? Gyaranka zai shiga sabon fitowa, ka bi layi."

"Ranka ya daɗe, 'yata ce."

"Allah sarki. To ta ɗaga hannun mana."

Ya je wurin Malama ya roƙa a bar Auta ta yi a takarda. Malama ta ce maki daga allo ake ɗauka, ba ita ta tsara ba. Ta ƙara da cewa, "Ai ku kuka ƙera, Baban Auta." Ya haɗiye, don gaskiya ce. Ya koya wa yarinya rubutu hannu a sama ba ya taɓa gilashi. Ta yi ta yi, wuyan hannu ya riƙa ciwo, rubutun ya koma kamar tafiyar kaza. Shi kuwa kowane taro sai ya tayar da maganar, har abokan aiki suka fara kallon agogo in ya buɗe baki. Zangon karatu ya wuce, wani ya shigo.

Ranar da aka sa hannu aka tura gyaran, bai jira tashi ba, ya nufi gida da sauri. Ihu bayan hari. Ya tarar da Auta a tebur tana aikin gida, alƙalami a dama, hagu na danne gefen allon.

"Baba, duba! Na iya da hannun kirki!"

"Wa ya ce miki shi ne na kirki? Malama? Kakanki?"

"Ba kowa. Allon ne ba ya son wancan."

Ya dubi matarsa da ke tsaye a ƙofar kicin, ta kawar da kai. Ya durƙusa, ya zare alƙalamin a hankali, ya sa mata a hagu. "An gyara, uwata. Ni da kaina na gyara. Gwada ki gani."

Ta riƙe shi, ta kai shi kusa da gilashin, ta tsaya. Sai ta mayar da shi dama.

"Bari dai, Baba," ta ce. "Kar ya goge mini."