Wayar da ke ƙarƙashin kujerar tarakta

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba, har wasu sun aiko suna tambaya ko lafiya. Jinya na yi, amma alhamdulillahi na dawo gida.

Da kaka ne ƙanena Lawali ya kawo tarakta gonarmu a Bukkuyum, aka haɗa mata injin sussukar dawa. Mu mata muna gefe muna shiƙa. Ni ko a gona ba na cire hijabi, kuma dogo ne har ƙasa. Na sunkuya zan ɗauki ƙwarya, sandar da ke juya injin ta kama bakinsa, ta haɗa da hannuna na dama.

Lawali ya diro daga kujera. A ƙarƙashinta akwai makunni, da zarar direba ya tashi sai injin ya mutu. Ran nan bai mutu ba. Sai da ya sake hawa ya murɗe makulli.

Aka tura ni asibiti a Sakkwato. Hoto ya nuna karaya, nama kuma ya yage. Likita ya ce, "Inna, in ya ruɓe sai an yanke. Mu ga abin da wanki zai yi."

Kullum da safe a kwance bandeji a wanke, ni kuwa in ciji bakin zane.

Hanya ba tsaro, ba mai iya zuwa dubiya. Ɗiyata ta zauna da ni, sai goyonta ya kama zazzaɓi, ta koma. Dangin wasu su cika ɗaki da kwanoni, ni ina kallon bango. Ci da hagu ya yi mini nauyi, sai in bar tuwo ya huce. Wata nas ta ce, "Inna, Allah ya san dama tana ɗaure. Ki yi bisimilla ki ci."

Wata rana Lawali ya kira. Ashe da can taraktar na mutuwa yana zaune a kai, wani ya haɗe masa wayoyin makunnin biyu don kada aiki ya tsaya. Yanzu ya kai ta Gummi. Makanike ya ɗaga kujera, ya bi wayar da hannu yana gwadawa da ƙwan fitila. Makunnin lafiya lau yake. Ɓera ne ya ci wayar, daidai inda Lawali ke aje gyaɗa.

"Yaya, gyaran bai kai kuɗin shan shayi ba," in ji shi.

Na ce, "Ban riƙe ka da komai ba, Lawali."

Ba a yanke hannun ba. Yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa, amma da shi nake alwala.

Na gode wa Allah, da likitoci, da matar gadon kusa da ta riƙa ɗaura mini ɗankwali ban ma roƙe ta ba.

Masu tarakta, in tana mutuwa kuna zaune, a bi waya a gano inda ta lalace, kada a haɗe. Mu kuma mata, mu tattare hijabi mu ɗaure. Kafin ki kusanci inji, ki ce direba ya tashi daga kujera ki gani. In bai mutu ba, ɗauki ƙwaryarki ki koma gida.