Baiwa Mai Awara da Haƙoran Ƙanenta

A unguwar da ke bayan tashar Matameye kowa ya san Baiwa mai awara, kuma duk wanda ya san ta ya san ƙanenta Hashimu. Ita tana bakin kasko, shi yana kan tabarma jingine da bango, an tokare shi da matashin kai.

Hashimu ya sha wuya wajen haihuwa, tun daga nan jikinsa ya sandare. Bai taɓa takawa ba, hannuwansa ba sa yi masa biyayya, maganarsa kuwa sai wanda ya saba. Amma hankalinsa garau yake. Da mahaifiyarsu ta rasu, Baiwa ta gaya wa mijinta Munkaila ba ta da inda za ta kai shi. Munkaila ya ce ga ɗaki nan. Sai dai shi manomi ne, da an gama girbi yake tsallakawa Kano ci-rani, ya bar ta da gida har faɗuwar ruwa.

Ita ke yi masa wanka, ita ke ɗauka, ita ke ba shi abinci a baki. Hashimu ya girma har da gemu, ya yi nauyi, bayanta ya fara ciwo, duk da haka ta iya. Abu ɗaya ne ya gagare ta: bakinsa. Da zarar wani abu ya taɓa haƙoransa sai muƙamuƙin ya datse, ba da son ransa ba. Asuwakin da ya karya ba ya ƙirguwa. Wata rana ya datse mata yatsa har farcen ya fita, ya fi ta kuka. Daga nan ta koma ɗauraye masa da ruwa kawai. Ga shi tauna tana ba shi wahala, abincinsa koko ne da sukari, masu sayen awara kuma sukan saka masa alewa a baki don su ga ya yi dariya.

Ana tsakiyar zafin bazarar bara Hashimu ya daina ci. In ta kawo cokali sai ya kau da kai, yana buga kunci a kafaɗarsa. Ta tambaye shi ina ke ciwo, ya ce ba komai. Ya rame, ido ya faɗa. Maƙwabta suka ce iska ce, wasu suka ce ciwonsa na asali ne ya tashi. Baiwa ta karɓo rubutu, ta yi hayaƙi, ta sauke kasko. A ranta ta riga ta sallama, tana ganin tafiya ce ta zo.

Ta kira Munkaila a waya, ya baro aikinsa ya dawo. Da ya sunkuya zai ɗaga Hashimu sai ya ji wari, ya lura kuncin hagu ya fi na dama girma. Baiwa da ke ganinsa kullum ba ta ga kumburin ba. Suka sa shi a mota zuwa Damagaram wajen likitar haƙori.

Likitar mace ce mai haƙuri. Ba ta yi gaggawa ba, sai da ta yi hira da Hashimu kansa, sannan ta sa masa wani abu mai laushi tsakanin haƙora ta duba. Ta ce turame biyu ne suka ruɓe, ɗaya ya yi ƙurji, za a ba shi magani kumburin ya sauka sannan a cire.

Baiwa ta ce, "Haƙori kawai, likita? Ba mutuwa zai yi ba?"

"Haƙori ne. Amma ya daɗe yana cin sa."

Baiwa ta zauna a ƙasa. Ta dubi ƙanenta ta tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Yaya, za ki sa hannu. Zan cije ki."

Bayan an cire, likitar ta nuna musu yadda ake yi: a zauna ta bayansa, kansa a kan cinya, a naɗe mariƙin cokalin katako da tsumma mai tsabta a tokare gefe guda, a goge ɗayan da ƙaramin buroshi. A rage sukari, a hana alewa. Ta kuma tambayi Baiwa wa ke karɓarta in ta gaji. Munkaila ya sunkuyar da kai.

Tun a mota ya ce goge baki nasa ne muddin yana gari. Da kaka ta wuce bai tafi Kano ba, ya kama aikin lambu a fadama kusa da gida, ya ce a gwada bana a gani.

Hashimu ya murmure, har yana neman ƙarin tuwo. Masu sayen awara sun koma kawo masa ayaba. Kwanan baya aka yi suna a Kurni wajen 'yar ƙawarta, Baiwa ta ɗaura sabon zane ta tafi ita kaɗai, ta wuni. Da ta dawo ta tarar da Munkaila da Hashimu a ƙofar gida suna gardamar kokawa, ba wanda ya tambaye ta me ya sa ta daɗe.