Akwala Mai Fiffike

Ina gareji ina jiran a sallame ni, ga wani mutum yana ta zagaya motarsa yana shafa ta. Furfura ta cinye gemunsa, amma ya matse tumbi cikin rigar samari. Motar akwala ce, salansar hayaƙi ɗaure da waya, baƙin mai na ɗiga. Shi ba wannan ya kawo shi ba. Fiffiken ado irin na motar tsere ake kafa mata a baya, da jar bamba mai sharar ƙasa.

"Alhaji, birkin nan fa ya kusa mutuwa," in ji bakanike.

"Wa ke ganin birki? Ƙara sauke min bambar."

Ina jin tun yana saurayi ba wanda ya taɓa waiwayowa ya kalle shi, yau yake son ramawa.

Matarsa na kujerar baya da tsohon ciki, tana fifita da kwali. Za su fita, sai ga tudun kwalbati a bakin ƙofa. Ya tsaya.

"Maman yara, sauka. Nauyinki zai kankare min fenti."

Ta sauko da ƙyar, tana bin motar cikin hayaƙi, hannu a ƙugu. Ya gyara madubi, ya duba baya, ya yi murmushi. Fiffiken na nan daram.